Babi na Shida: Wane Ne a Cikin Rigar Dodo?

A daren Asabar 20 ga Mayun 2006, tashar BBC ta nuna wani kashi na shirin Doctor Who mai suna "The Age of Steel". Da gudun ceton rai labarin ya buɗe. Mutanen ƙarfen nan da ake kira Cybermen sun far wa wani gidan biki a Landan, a wata duniya da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da tamu, sun kashe shugaban ƙasa da manyan baƙi. Waɗanda suka tsira sun cunkushe a bayan wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, wata dattijuwa tana taka ta iya ƙarfinta. A cikin motar akwai Dakta, jarumin shirin, da abokan tafiyarsa Rose da Mickey, da 'yan tawayen da suka ɗauki makami don yaƙar John Lumic, attajirin da ya ƙera mutanen ƙarfen. Akwai kuma Pete Tyler, mai gidan da aka kai wa harin, wanda 'yan tawayen ke yi wa kallon ɗan koren Lumic, har suna maganar a harbe shi nan take.

Sai Pete ya fasa ƙwai. Shi ne mutumin ɓoyen da ya daɗe yana aiko musu da asiran kamfanin. Abin da ya ƙona masa rai shi ne, duk a zatonsa jami'an tsaron ƙasa yake tura wa saƙon. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce ashe Scooby-Doo da 'yan ƙungiyarsa ya samu, ga shi har motar ma suna da ita.

Babu wanda ya tsaya yin bayani a cikin motar, kuma marubucin kashin, Tom MacRae, bai ga dalilin yi wa masu kallo bayani ba. Ya san sun san karen nan Scooby-Doo, kamar yadda mai tatsuniya ba ya tsayawa faɗin wane ne Gizo. Yaran Birtaniya sun tashi suna kallon Scooby-Doo tun shekarun 1970, kuma cikin waɗannan yara ne aka samu waɗanda suka farfaɗo da Doctor Who a 2005, bayan BBC ta jingine shi tun 1989.

Shi dai Scooby-Doo ɗan Amurka ne. Ya fara fitowa a tashar CBS ranar 13 ga Satumban 1969, a wani katun da Joe Ruby da Ken Spears suka tsara wa kamfanin Hanna-Barbera. Lokacin fitowarsa yana da dalili. A 1968 aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, iyaye kuma suka tashi tsaye a kan yawan duka da harbi a katun ɗin da yaransu ke kallo safiyar Asabar. Tashoshi suka shiga neman abin da zai riƙe yaro ba tare da naushi ba. Mai zanen karen, Iwao Takamoto, mutum ne da aka tsare shi da iyayensa a sansanin Manzanar lokacin yaƙin duniya na biyu, don kawai asalinsu Japanawa ne, kuma a can wasu da ake tsare da su tare suka koya masa zane. Ya tambayi wata abokiyar aikinsa mai kiwon manyan karnukan da ake kira Great Dane yadda kare mai cin gasa yake, ta lissafa masa, shi kuma ya zana akasin duk abin da ta faɗa: ƙafafu gwame, baya a karkace, haɓa ba fasali. Aka kuma ɗora masa baƙin tsoro da kwaɗayi.

Tsarin labarin ɗaya ne kusan kullum. Matasa huɗu, Fred da Daphne da Velma da Shaggy, tare da karensu, suna isa wani wuri da aka ce fatalwa ta hana kowa sakat. A yi guje-guje a dogayen baranda, Velma ta tsinci wata alama da ba ta dace da aikin fatalwa ba, Fred ya ɗana tarko, tarkon ya ƙwace, amma duk da haka a kama dodon. Sai a sa hannu a yaye fuskar roba. A kashin farko, sulken wani baƙin jarumi ne aka ce yana tashi yana yawo in wata ya cika. Da aka cire kwalkwalin sai ga mai kula da gidan adana kayan tarihin, wanda ke sayar da zane-zane na asali yana rataye na jabu a gurbinsu. Haka abin ya yi ta tafiya: mai son sayen fili da araha, mai fasa-ƙwauri, mai haƙon dukiyar da ba tasa ba. Dodon mutum ne, kuma kusan kullum kuɗi yake nema.

Da wannan a zuciya mai kallo ke yin dariyar maganar Pete. Amma ba a yi nisa ba a cikin wannan kashin sai aka yaye fuskar dodo da gaske, kuma babu abin dariya a ciki. Dakta da dattijuwar nan mai tuƙi, Misis Moore, sun bi ta ƙarƙashin ƙasa sun shiga masana'antar Lumic a tsohuwar tashar lantarki ta Battersea. Ta jefi wani mutumin ƙarfe da wata na'ura, ya faɗi. Dakta ya durƙusa ya buɗe ƙirjin sulken, ya ga abin da aka dasa don kashe wa ƙwaƙwalwar da ke ciki duk wani jin daɗi ko baƙin ciki, ya kuma ga cewa ya lalace. Sai muryar ƙarfen ta fara magana a hankali. Tana jin sanyi. Sunanta Sally. Tana tambayar ina angonta, tana cewa kada ya gan ta, don ba kyau ango ya ga amarya a daren jajiberin aure. Dakta ya ba ta haƙuri, ya kashe na'urar don ta huta.

Nan ma mutum aka samu a cikin rigar dodo, amma wannan karon wadda aka zalunta ce, ba azzalumar ba. Mai laifin yana can sama a kan kujerarsa. A ganina ambaton karen a farkon kashin shi ya ƙara wa wannan wuri nauyi. An tuna wa mai kallo irin labarin da ya saba tun yana yaro, inda cire fuska ke kawo kwanciyar hankali da zuwan 'yan sanda, sannan aka cire fuskar a gabansa ya tarar da amarya.

Akwai kuma Mickey, wanda shi ne ya fi kowa kama da Scooby a wannan zubi na shirin. Matsoraci ne, kuma ba a ɓoye hakan ba. Makonni kaɗan kafin nan, a kashin "School Reunion", ya ƙwala ihu don ɓerayen gwaji da aka naɗe a leda sun zubo masa daga kabad. A wannan kashin ne kuma aka dawo da K9, karen inji da Bob Baker da Dave Martin suka ƙirƙiro wa shirin a 1977, kare mai tarin ilimi da bindiga a hanci wanda bai san tsoro ba. Mickey ya dubi K9, ya gane cewa matsayinsu ɗaya a wajen Dakta: wanda ake bari ya tsare mota. Abin ya ci masa rai. A "The Age of Steel" shi ne ya hau jirgin Lumic, ya tono lambar sirrin da ta rushe rundunar ƙarfen da ke Landan baki ɗaya, sannan ya zaɓi ya zauna a waccan duniyar ya ci gaba da yaƙin. Scooby ma haka yake. Yana karkarwa, sai an lallashe shi da ɗan biskit, amma shi ake turawa gaban dodo, kuma yana zuwa. Yaro mai tsoron duhu ya fi samun abin koyi a wajen irin waɗannan biyun fiye da wajen K9.

Shekara guda bayan haka aka sake ambaton Scooby-Doo, a kashin da mutane da yawa ke ɗauka shi ne mafi kyau a tarihin shirin. Sunansa "Blink", Steven Moffat ya rubuta, Hettie Macdonald ta ba da umarni, aka nuna shi ranar 9 ga Yunin 2007, ya kuma ci kyautar Hugo a 2008. Dakta da kansa kaɗan ya fito a ciki. Jarumar wata matashiya ce, Sally Sparrow, wadda Carey Mulligan ta fito a matsayinta tun kafin ta yi suna. Sally ta haura katangar wani kangon gida mai suna Wester Drumlins don ɗaukar hotuna. Ta ga rubutu yana leƙowa a bayan takardar da aka liƙe bango da ita, ta fara yagewa. Rubutun ya kira sunanta, ya ce ta sunkuya yanzun nan. Ta sunkuya, dutse ya fasa taga ya wuce ta saman kanta. A ƙasan rubutun an sa hannu: Dakta, 1969. A lambun gidan kuma ga wani sassaƙen dutse mai fukafukai, ya rufe fuska da tafin hannu.

Washegari ta dawo da ƙawarta Kathy. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, Sally ta je ta buɗe, sai ga wani mutum da tsohuwar wasiƙa da kakarsa ta bar masa wasiyyar ya kawo wannan gida a wannan rana. Kakar ita ce Kathy, wadda ke tsaye a ɗakin baya ɗazun nan. Sassaƙen ya taɓa ta, ta tsinci kanta a Hull a 1920, ta yi aure, ta tsufa, ta rasu. Halittun nan da shirin ke kira Mala'iku Masu Kuka ba sa zubar da jini. Suna jefa mutum can baya a zamani, su ci kwanakin da ya kamata ya yi a nan. In ana kallonsu dutse ne, in an ƙyafta ido sun iso.

Daga baya Larry, ɗan'uwan Kathy, mai aiki a shagon fayafayan DVD, ya zo gidan da na'urar kallo a hannu. Ya ɗaga kai ya dubi ginin, ya ce wa Sally ashe a gidan Scooby-Doo take zaune. Maganar ta dace da shi, don mutum ne da ya san duniya ta fuskar talabijin, kuma da ita yake kwantar wa kansa hankali. A gidan Scooby-Doo babu mai mutuwa. Bai san cewa 'yar'uwarsa ta riga ta tafi ba. Ba a jima ba sai ga shi tsaye shi kaɗai a gaban sassaƙen, idanunsa na zafi, yana fafutukar kada ya ƙyafta, kuma da ya ɗan waiwaya ya juyo sai ya tarar da haƙora da farata dab da fuskarsa. Babu fuskar robar da za a yaye. Dutsen shi ne jikin halittar.

Duk da haka, wanda ya lura zai ga ƙashin bayan labarin na Scooby ne. Matasa ne da ba 'yan sanda ba, ba masana ba, suna harhaɗa alamu: rubutu a bango, wasiƙa, jerin fayafayai 17 da Sally ta gane cewa su ne kaf abin da ta mallaka. Kuma da tarko aka gama. Halittun huɗu sun kewaye TARDIS, akwatin da Dakta ke ratsa zamani da shi, akwatin ya ɓace daga tsakiyarsu, suka tsinci kansu suna kallon juna, suka daskare ke nan. Ba ƙarfi ne ya ci su ba, sanin ƙa'idar halittarsu ne. Shekarar da Dakta ya maƙale a cikinta kuwa, 1969, ita ce shekarar da aka fara nuna karen a Amurka.

A nan ne dangantakar shirye-shiryen biyu take. Doctor Who ya fara ne ranar 23 ga Nuwamban 1963, kuma tun da wuri ya ɗauki ɗabi'ar tunkarar abin da mutane ke tsoro ya tambaya mene ne shi. A 1967 Dakta ya je Tibet ya gamu da Yeti, dodon ƙanƙarar da ake ba da labari. Da aka bincika sai aka ga inji ne a cikin gashi, da wata ƙwallon ƙarfe a ƙirji da ake sarrafa shi da ita. Yetin sun dawo a 1968 a labarin "The Web of Fear", a ramukan jirgin ƙasa na Landan. Wannan labari yana da alaƙa da mu a Najeriya. BBC ta goge ɗimbin tsofaffin shirye-shiryenta a shekarun 1960 da 1970, amma ta riga ta sayar da kwafi ga tashoshin ƙasashen waje, har da na Najeriya. A 2013 aka sanar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano sassa tara da suka ɓata a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos: huɗu na "The Web of Fear", biyar na "The Enemy of the World". Wannan ya rage sassan da ake nema a lokacin daga 106 zuwa 97.

A 1971, a "The Dæmons", ƙauye guda ya yi imani Shaiɗan ya bayyana a ƙarƙashin cocinsu, Dakta ya dage cewa halitta ce daga wata duniya mai fasahar da ta fi tamu. A 2005 gawawwaki sun riƙa tashi a Cardiff ta 1869 a gaban Charles Dickens, ashe wasu halittun iska ne da suka rasa jikinsu a yaƙi. A "Hide" na 2013, fatalwar da ta shekara ɗaruruwa tana kururuwa a wani gida ta zama wata matafiyar zamani da ta maƙale tana neman agaji, dodon da ke bin ta kuma abokiyar zamansa yake nema. Wani lokacin ma shirin kan bi sawun Scooby ƙafa da ƙafa. A "Colony in Space", wanda Malcolm Hulke ya rubuta a 1971, talakawan da suka yi ƙaura zuwa wata duniya don noma suna fama da ƙaton ƙadangare mai kashe mutane da dare. Ƙadangaren hoto ne da ake haskawa, kisan kuma injin wani kamfanin haƙar ma'adinai ne da aka ɗaura wa farata, don a kori manoman a kwashe arzikin ƙasar.

Masanin taurari Carl Sagan, a littafinsa The Demon-Haunted World na 1995, ya yaba wa Scooby-Doo a kan wannan hali, yana ganin da za a samu irinsa na manya da an yi wa jama'a babban aiki. Ina tare da shi, kuma ba sai mutum ya musanta gaibu ba kafin ya ga amfanin abin. Wanda ya yi imani akwai abin da ido ba ya gani shi ya fi cancanta ya tsani mai fakewa da shi yana cin dukiyar bayin Allah. Shi ya sa nake ganin masu Scooby sun yi asara da suka fara kawo fatalwowi na gaske, kamar a jerin katun na 1985 da fim ɗin tsibirin gawawwaki na 1998. Sun ƙara ban tsoro, amma sun saki abin da ya bambanta karen da sauran. Abin da Doctor Who ya ƙara a kan darasin shi ne tambaya ta biyu. Bayan an gano mene ne abin, me yake so, kuma wa ya cuce shi ko wa ya cuta? Amsar takan zama a kama shi, takan zama a taimake shi, wani lokaci kuma, kamar na amaryar Battersea, sai dai a zauna kusa da shi har ya cika.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Doctor Who ya riga karen yaye fuskar dodo da fiye da shekara huɗu. A Janairun 1965 aka nuna wani gajeren labari mai kashi biyu, "The Rescue", na David Whitaker. Jirgi ya faɗi a duniyar Dido, mutum biyu suka rage: wata yarinya marainiya, Vicki, da wani mutum mai suna Bennett da ya ce ba ya iya tafiya, yana kwance a ɗakinsa. Wani dodo mai ƙayoyi a fuska, Koquillion, yakan zo ya razana yarinyar, yana gaya mata cewa mutanensa ne suka kashe mahaifinta da sauran matafiyan, kuma shi kaɗai ke kare ta daga gare su. Dakta, wanda William Hartnell ke fitowa a matsayinsa a lokacin, ya taɓa zuwa Dido, ya san mutanenta masu son zaman lafiya ne, don haka maganar ba ta kwanta masa ba. Ya tura ƙofar Bennett ya shiga. Ɗakin wayam. Ya tarar da na'urar ɗaukar murya da ke cewa kada a shigo, da wata ƙofar ɓoye a daɓe.

Bennett ne Koquillion. Ya yi kisan kai a cikin jirgin, aka tsare shi, kafin labari ya kai gida sai ya tayar da bam a wurin wani taro, ya hallaka abokan tafiyarsa da masu masaukinsu gaba ɗaya. Ya bar Vicki da rai ne don in masu ceto sun iso ta ba da shaidar cewa mutanen Dido ne suka yi. Kayan dodon kuwa tufafin bukukuwan mutanen da ya kashe ne. Babu katun ɗin yara na safiyar Asabar da zai kai nan, amma tsarin shi ne dai: mai laifi, da riga, da yarinyar da aka tsorata don kada ta yi tambaya, da wani da ya ƙi yarda sai ya buɗe ƙofa ya gani.

Wannan labari yana cikin waɗanda ba su ɓata ba, kuma duka sassan biyu ba su kai awa guda ba. Mai karatu da ya samu damar kallonsa ya tsaya ya karanta sunayen 'yan wasa a ƙarshen kashi na farko. Ray Barrett ne ya fito a Bennett, shi ne kuma a cikin rigar Koquillion, amma don kada asiri ya tonu kafin mako mai zuwa, sai aka rubuta cewa wani Sydney Wilson ne dodon. Babu ɗan wasa mai wannan suna a shirin. An haɗa shi ne daga sunayen Sydney Newman da Donald Wilson, manyan jami'an BBC biyu da suka kafa Doctor Who.